Ba a Shiga Ruwa da Takalmi

Ni ɗan masunci ne mai tsoron ruwa. Gara in faɗa da bakina tun daga farko, tunda dangi duk sun riga ni faɗa. Mahaifina Basarke ne daga bakin kogi a ƙasar Yauri, kakansa ma a kwalekwale ya tsufa. A gidanmu yaro kan iya iyo kafin ya iya ɗaura wando, kuma doka ta farko da ake koya masa ita ce ba a shiga ruwa da takalmi. Baba yakan ce ruwa ɗakin wasu ne, ba ka shiga ɗakin mutane da ƙurar hanya a ƙafarka.

Ina ɗan shekara bakwai jirginmu ya kife da mu dab da gaɓa. Ruwan ko ƙirjin Baba bai kai ba, amma ni na sha na ƙoshi kafin ya jawo ni da ƙafa ɗaya. Daga ranar ban ƙara taka jirgi ba. Baba bai dake ni ba, bai ma yi mini faɗa ba. Da asuba sai ya tsallake tabarmata ya tashi ƙanena su tafi su, ni kuwa ya laƙaba mini "ɗan tudu". Da dariya yake faɗa, kowa ya yi dariya, har da ni. Amma wallahi da zane ni ya yi da ya fi mini sauƙi.

Boko ya kai ni Kano, Kano ta miƙa ni Dubai. Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da ofishin kargo a bayan kasuwar Murshid Bazaar da ke unguwar Deira, ina ɗaure wa Alhazai kaya ina cika kwantena ana ɗora ta a jirgin ruwa, ni kuwa ko bakin jirgin ban taɓa leƙawa ba. Tsakanin Deira da Bur Dubai akwai wani ɗan hannun teku da ake tsallakawa a ƙananan jiragen katako da ake kira abra, tafiyar da ba ta kai a sha shayi kofi ɗaya ba. Ni sai in zagaya ta jirgin ƙasa na metro. Alhazan Kano sun gano ni tuntuni, in za su haye sai su ce mini, ranka ya daɗe sai mun haɗu a can in Allah ya kawo ka.

Bayan rasuwar Inna na ɗauko Baba aka yi masa aikin yana a ido, ya zauna da mu a filat ɗinmu na Al Qusais, ni da matata da 'yarmu mai shekara takwas. Idon ya buɗe, amma bakin ya rufe. Wuni yake a bakin taga yana kallon motoci. In an kawo kifin kanti sai ya juya shi da cokali ya ce wannan ya daɗe da rasuwa. Ko wasan da yake yi da jikarsa, wadda yake kira amaryarsa, sai da ya yi sanyi.

Ita amaryar tasa ce ta kawo maganin ba ta sani ba. Wata rana muna cin abinci ta miƙa masa waya, wai ya ga wani abu. Wani mutum ne a tsakiyar wani farin fili, ya huda ƙasa, ya zura zare, ya jawo kifi yana wutsil-wutsil. Baba ya kai wayar kusa da sabon idonsa ya kalla har sau uku, sannan ya tambaya gonar wa ce wannan mai kifi a ƙarƙashi. Yarinya ta ce ba gona ba ce, tafki ne ya zama ƙanƙara. Baba ya ce ƙanƙara dai ya san ta mai faɗowa daga sama ta tsinke ganyen dawa, ya san ta cikin kula da ake sa wa lemo, amma a ce tafki sukutum ya daskare har ƙato ya tsaya a kai, wannan ƙaryar 'yan waya ce. Sai ya fashe da dariya, dariyar da rabonmu da ita tun Inna na raye. Da ya gama ya share ido ya ce, amma fa wane irin kifi ne wancan?

Washegari a cikin metro abin ya faɗo mini, har na kusa wuce tashata. Ruwa mai murfi! A duk duniya wannan ne kaɗai ruwan da zan iya shiga tare da mahaifina. Ya haura saba'in, ni na doshi arba'in, ban taɓa zama kusa da shi yana su ba. Kafin in isa ofis na riga na yanke shawara, hutun makaranta na Disamba a yankin tafkuna na ƙasar Finland za mu yi shi.

Zirga-zirgar biza kaɗai labari ce, amma ta fito. Sai batun sutura. Muka bazama cikin Deira, shagunan da ke sayar wa mutanen ƙasashen sanyi kaya, muna gumi muna gwada riguna masu kauri kamar katifa. Baba ya ce duk abin da za a sa masa a sa, amma babbar rigarsa ce za ta hau sama, don ba zai je ƙasar mutane kamar buhun gawayi ba. Da aka miƙa masa takalman, masu gashi a ciki, masu tsayi har ƙwauri, sai ya auna su a hannu ya ce da waɗannan ai mutum sai ƙasan kogi. Na yi dariya na wuce. Da na san abin da ke cikin maganar da ban yi dariya ba.

Matata ce ta ce ita ba za ta yarda da rigar da aka gwada a cikin zafi ba. Ina da aboki mutumin Maraɗi da ke kula da wani ɗakin sanyi a Al Quoz, inda ake ajiye daskararrun kaji. Ya nemi izinin maigidansa, ranar Asabar muka je mu huɗu cikin cikakkiyar shiga, ma'aikata suka bar aikinsu suna kallonmu. Aka turo ƙofa aka rufe mu tsakanin kwalaye. Mai shawarar ce ta fara cewa khalas, ya isa, a buɗe mata, ta gamsu. Yarinya tana ta tsalle tana ihu. Baba kuwa ya harɗe hannu yana hura iska yana kallon tururin bakinsa, ya ce ga shi ya tsufa ya fara busa hayaki ba tare da ya sayi taba ba. Shi ne na ƙarshen fitowa, kuma a mota har muka iso gida tambaya yake yi, kifin can ƙasa me yake ci, ta ina yake shan iska.

Ranar da muka sauka, iskar farko da ta bugi fuskata sai da na ji haƙorana sun amsa. Ɗakin kajin Al Quoz ashe wasan yara ne. Mota ta yi ta tafiya da mu cikin dogayen itatuwa da suka sunkuya saboda nauyin farin da ke kansu, har wani gidan katako a bakin tafki. Kai, farin nan! Ba ƙasa, ba ciyawa, ba rufin gida, komai an lulluɓe. Baba ya ɗebi dusar ƙanƙarar a tafin hannu ya murza, ya ɗanɗana, ya ce wanda ya raɗa mata suna dusa ya iya kallo, sai dai ko akuya ba za ta gode maka ba.

Rana a garin nan malalaciya ce. Sai hantsi ya yi take leƙowa ta saman itatuwa, ta ɗan yi ja, ta koma. Ka sallame azahar, kafin shayinka ya huce la'asar ta yi, kana naɗe dadduma magariba na ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ya ce a nan ne ya kamata mutum ya rama bashin azuminsa.

Cikin wannan guntuwar ranar muka cusa duk abin da za mu iya. Akwai wani tudu a bayan gidan da ake zama a kan faranti na roba a sulalo. Matata, wadda ko a lif sai ta riƙe ƙarfe, ta hau sau ɗaya tana salati, daga nan kuma sai da aka yi da gaske kafin ta bar wa 'yarta farantin. Ni na sulalo na ƙarasa da ka cikin wani tarin dusa, ƙafafuna a sama, suka tsaya ɗaukar hoto kafin su ciro ni. Aka ce akwai keken da karnuka ke ja. Baba ya ce shi bai taɓa jin inda kare ya ja mutum zuwa alheri ba, a kai kasuwa. Amma da aka kawo na wata barewa mai ƙaho kamar rassan bishiya, shi ya fara hayewa, ya ɗora amaryarsa a cinya, babbar riga tana kaɗawa, yana ɗaga mana hannu kamar ango. Da yamma masu gidan suka shigar da mu wani ɗakin katako mai zafi da ake zuba ruwa a kan duwatsu tururi ya tashi. Baba ya zauna kaɗan ya dube ni ya ce, ashe Dubai ɗin ma sun ajiye ta a ɗaki. Da aka ce al'adarsu in an fito sai a faɗa cikin ramin ruwan ƙanƙara, duk muka haɗa baki muka ce Allah ya ba da sa'a.

Duk wannan ina jin daɗinsa, amma idona yana kan tafkin. Ga shi nan shimfiɗe ta taga, fari fat, har inda ido ya tsaya. Rana ta uku aka sa mana za mu fita su.

Wanda zai kai mu wani dattijo ne ɗan garin, mai farin gemu, maganarsa ba ta fi a ƙirga ba, Turancinsa ma kaɗan ne. Ya zo yana jan wani ɗan akwati a kan dusa, da ƙarfen huda a kafaɗa. Matata da yarinya suka tsaya a gida suna gina mutum-mutumi. Mu uku muka gangara. Ina ta karanto duk addu'ar da na sani, ina kallon sawun motoci a kan ƙanƙarar ina gaya wa kaina, abin da ya ɗauki mota ai zai ɗauki ɗan kargo.

Dattijon ya taka ya shiga. Na waiwaya in kama hannun Baba, sai na gan shi zaune a kan wani kututture yana kwance igiyar takalmi.

Kafin in ƙarasa wurinsa ya cire ɗaya, ya zare safa biyu, ya ajiye tsirarar ƙafarsa a kan dusa. Dattijon ya dawo da gudu yana ɗaga hannu, mutumin da tun safe bai yi jimla uku ba ya dinga zuba magana, yana nuna yatsun Baba yana yin alamar yanka. Na fassara wa Baba cewa sanyin nan kashe yatsu yake yi, ba da jimawa ba kuwa. Baba ya ce ya ji. Amma shi tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa shiga ruwa da takalmi ba, ba kuwa a ruwan baƙi zai fara rashin kunya ba. In ba a shiga haka, mu je mu kamo, shi zai zauna nan ya yi kallo.

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, irin wanda ya fi na ruwa. Na haɗa biza, na tsallako duniya, ga murfin ruwan a gabanmu, a ce takalmi zai raba ni da abin da na zo nema? Kuma na san Baba. In ya ce a'a, ko limamin garinmu sai dai ya haƙura. Na durƙusa na ɗauki ƙafar na cusa cikin rigata, sanyinta ya ratsa ni har baya. A nan durƙushe dabara ta zo mini.

Na ce, "Baba, wannan ai ba ruwa ba ne. Ƙanƙara ce. Ruwan yana can ƙasa a rufe."

Ya dube ni, ya dubi tafkin. Ya tambaya ko za a iya alwala da ita a yadda take. Na ce sai an narkar. Ya tambaya ko jirgi zai iya tafiya a kai. Na ce ko kusa. Ya dinga jan gemu, ni kuwa ina jin yatsunsa suna motsi a cikina.

"To ai tudu ne," in ji shi. "Sa mini takalmin."

Na sa masa da hannuna na ɗaure tam. Dattijon ya sauke ajiyar zuciya, ya ce wani abu da yarensu wanda nake zaton hamdala ce.

Muka shiga. Na riƙe hannun Baba wai kada santsi ya kwashe shi, shi ma ya bar ni a kan haka. Muna cikin tafiya sai tafkin ya yi wani gurnani daga ƙasa, dogo, har cikin tafin ƙafata. Na tsaya cak. Dattijon ya ɗaga babban yatsa, wai ƙanƙarar ce ke ƙara ƙarfi. Baba ya ce mini in daina kallon ƙasa, in kalli inda za ni, haka ake yi a jirgi ma. Wannan ne darasin su na farko da ya taɓa ba ni, kuma na riƙe shi.

Can tsakiya dattijon ya fara huda, Baba ya karɓi ƙarfen ya ce a bar shi ya gwada. Ya yi ta murzawa, garin ƙanƙara na taruwa, sai ji muka yi ɓul, baƙin ruwa ya taso ya cika ramin. Baba ya durƙusa, ya cire safar hannu, ya yi bisimilla, ya taɓa ruwan da yatsu uku ya yi masa sallama a hankali, yadda yake yi a gida. Fuskarsa a lokacin ba zan manta da ita ba. Aka miƙa masa sandar fatsa, 'yar guntuwa, ya juya ta ya ce wannan ai asuwaki ne. Ya ajiye ta ya riƙe zaren da yatsunsa. Dattijon ya matso ya tsuguna yana kallon yadda yake girgiza zaren, ya gyaɗa kai, ya nuna masa nasa salon. Ba Hausa, ba Turanci, amma hira suke yi sosai.

Ba a daɗe ba Baba ya fizgo wani kifi mai zane-zane a jiki da jan ƙege. Ya ɗaga shi ya duba baki ya duba ƙaya, ya ce wannan jikan giwan ruwa ne, sanyi ne ya hana shi girma. Sannan ya kama hannuna ya ɗora zaren a kan yatsana, ya rufe da nasa, ya ce in saurara. Na ce da kunne? Ya ce da yatsa, ɗan tudu. Sai na ji wani ɗan taɓi, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Baba ya saki hannuna. Na ja. Jama'a, kifi! Ihun da na yi sai da matata ta ji shi daga gida. Na manta a kan me nake tsaye, na dinga tsalle, dattijon yana dariya yana cewa in yi a hankali.

A bakin gaɓa aka hura wuta aka gasa su, da baƙin shayi a buta mai baƙin gindi. Ban taɓa cin kifi mai daɗin wannan ba. Farin ciki ya cika ni har ya kwance mini baki. Na ce, "Baba, yau dai ɗan tudu ya shiga ruwa."

Yana cire ƙaya daga bakinsa, ko ɗagowa bai yi ba. "Kai da bakinka ka ce ba ruwa ba ne."

Ya yi dariya har da tari. Na taya shi, don maganar ta yi daɗi, kuma gaskiya ce. Da igiyar da na ɗaure shi ya ɗaure ni. Amma kifin nan daga nan bai ƙara yi mini ɗanɗano ba.

Muka dawo Dubai da wani sabon Baba. Ya bar bakin taga. Kullum sai ya bi ni ofis ya zauna a kan kwali yana ba Alhazai labarin tafki mai murfi, kifin kuma kullum ƙara tsawo yake. Ana haka ya ce mini shi fa gida za shi, hannunsa ya tuna aikinsa, akwai tarunsa da ke rataye yana jiransa. Na yi murna, amma raina bai kwanta ba, don na san in ya tafi ya tafi da sunan nan na ɗan tudu a bakinsa.

Saura kwana uku ya tashi, bayan la'asar na rufe ofis na ce ya zo ya raka ni ƙetare. Ya nufi hanyar metro, na ce ba ta nan ba. Muka ratsa kasuwa, ta cikin masu tura kaya da ƙanshin kayan yaji, har matakalar da abra ke tsayawa. Ruwan yana ta lilo da jiragen, kore, ba murfi, ba komai. Warinsa ya bugi hancina, na koma ɗan shekara bakwai.

Na zauna a kan matakala na kwance takalman ofis, na zare safa. Mutane suna ratsa ni suna kallo, mai jirgi yana ta yalla yalla, wai a yi sauri. Baba ya tsaya a kaina yana dubana. Sai ya zame silifas ɗinsa shi ma.

Yadda na taka jirgin nan ban sani ba. Na dai ji katako mai ɗumi a tafin ƙafata, na ji ya yi ƙasa ya dawo, na zube a kan benci na ƙanƙame gefensa. Inji ya tashi, gaɓa ta fara ja da baya. Baba ya zauna kusa da ni yana kallon gaba, kamar bai san da ni ba, sai na ji ya ɗora tafin ƙafarsa a kan tawa ya danne. Kaushinta kamar bawon itace. Na ɗaga kai na kalli inda za mu.

Muna tsakiyar ruwa wani Alhaji daga cikin masu tsokanata, ashe yana ɗaya gefen, ya leƙo ya gan ni. Ya riƙe baki ya ce yau kuma wace rana, wa zai gani a abra?

Baba ne ya amsa masa. "Mene ne abin mamaki, Alhaji? Ɗan masunci ne."

Na juya fuska wajen ruwa na bar iska ta yi aikinta. Da muka isa na sauka da ƙafata ba wanda ya riƙe ni, muka hau matakala muka shiga cikin kasuwar ƙetare, ina tafe ina jin kaina kamar sabon ango. Sai da zafin daɓen ya fara cin tafin ƙafata na tuna ban sa komai ba. Na waiwaya a firgice ina cewa na bar takalmana a wancan gefen. Baba yana bayana, ya riga ya sa silifas ɗinsa, takalmana kuma suna hannunsa, ya riƙo su tun daga Deira.